Lanƙwasa

Ƙarfe tara na dare a Shomolu.
Injinan buga takarda suna tari a ƙasan bene,
ni ina sama, ni da fanka mai gurguwar ƙafa
da hoton wata tsohuwa da ban taɓa gaisarwa ba.

Jibi za a binne ta a Ikorodu.
'Ya'yanta na son fosta ɗari biyar.
Sun ce a ciro ta daga cikin taron biki
a ɗora ta kan gajimare, ita kaɗai.
Oga Dimeji ya ce, kafin asuba.

Kafaɗa ba wuya, hannun riga ba wuya.
Gwaggwaron ne aiki.
Ya tashi sama kamar an kira sunansa,
ya karkata hagu, ya yi shawara, ya dawo,
ya naɗe kansa sau uku a bayan kunne
sannan ya buɗe baki kamar furen kabewa.

Na ɗauki alƙalamin da ba ya shan tawada.
Danna nan, ɗigo. Danna can, ɗigo.
Tsakaninsu layi ya ƙame
kamar kurtu ya hango babba.
Miƙaƙƙen layi ba ya ganin girman tsohuwa,
ya yanke mata kunne, ya shafta mata kumatu.

Watana na fari a shagon nan
ɗigo nake zubawa kamar mai shukar gero,
arba'in, hamsin, a kan haɓa guda,
in na matso da hoton sai in tarar da haƙoran zarto.
Oga ya tsaya bayana yana gaigayar masara,
ya ce da Hausarsa ta kasuwar Agege,
"Yaro, tsoro ya yi maka yawa.
Ɗigo biyu. Sannan ka ja."

In ka danna, kada ka saki.
Ja, sai hannaye biyu su tsiro daga ɗigon
kamar gashin bakin tarwaɗa.
Ba layin ake taɓawa ba, hannun ake lallashi.
Kai shi nesa, cikin layin ya kumbura,
dawo da shi kusa, ya lafa.
Kakata Tabawa a Malumfashi
ba ta san kwamfuta ba har ta koma ga Allah,
amma haka take da kaba in tana saƙar faifai:
a jiƙa ta, a bi ta, a juya ta kaɗan kaɗan.
Wanda ya yi mata dole, karyewa take a hannunsa.

Sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta.
Batir ya fara kuka, na adana aikin da sauri,
na zauna cikin duhu ina jin Legas tana zagin NEPA
har janareto ya amsa.

Da allon ya dawo na gangara gefen zane,
a nan na gan su:
yatsu huɗu, ƙanana, da maiƙon shinkafa,
sun damƙe bakin zanen tsohuwa.
Sauran yaron yana bayan kujera, hoto bai kama shi ba.

Ita kaɗai, suka ce.
Na daɗe linzami na hannuna bai motsa ba.
Daga baya na zagaye kowane yatsa,
ɗigo a gindi, ɗigo a kan farce, na ja a hankali,
na ɗauke su zuwa wani shafi na ƙasa,
na rufe idon shafin, ban goge ba.
Ko wata rana wani mai gemu zai hawo benen nan
ya ce, akwai hannuna a hoton nan.

Ɗigon ƙarshe ya iske na fari,
ƙaramin zobe ya fito, layi ya rufe.
Tsohuwa ta hau gajimarenta, gwaggwaro bai rasa ko zare ba.
Can wajen Bariga wani ladan ya gyara murya,
a ƙasan bene kuma ana jiran fayil.